Yawan ambaton maƙalu ne ke nuna gwanin binciken rigakafi?

Ɗan Babura:

Assalamu alaikum malamai. Wani saƙo na ta yawo a WhatsApp a yankinmu, ɗauke da hoton wani farfesa masanin garkuwar jiki. An rubuta cewa an ambaci ayyukansa sau dubu kaza, ma'auninsa na h ya kai kaza, kuma wai Jami'ar Stanford ta sa shi cikin kashi 2 cikin 100 na manyan masana kimiyya na duniya. Mu ma'aikatan lafiya na karkara mu ake tsarewa da tambaya a majalisa. Wasu na cewa tunda haka ne duk abin da ya faɗa kan allurar rigakafi babu ja, wasu kuma na cewa lambobin nan saye ake yi. Me ake ƙirgawa, kuma ta yaya mutum zai duba da kansa a waya? Sannan yaron da ya gama digiri a fannin ƙwayoyin cuta ko gwajin jini, yana zaune a Babura ko Garki, ta ina zai kama wannan hanya?

Mai Laburare:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki ɓangaren lissafin, na maganin kuma a bar wa likitoci.

Kowace maƙalar bincike tana ƙarewa da jerin maƙalun da marubucin ya dogara da su. Duk lokacin da taka ta fito a irin wannan jeri, an ambace ka sau ɗaya ke nan. Na'urar da ke ƙirgawa ba ruwanta da dalili: ko yaba maka aka yi, ko ƙaryata ka, ko hanyar gwajinka kawai aka ara, ɗaya za ta rubuta. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951, kan yadda ake auna furotin a ɗakin gwaji, an ambace ta sama da sau 300,000 saboda kusan kowa na amfani da hanyar.

Wurare uku ake dubawa, kuma ba sa ba da lamba ɗaya. Google Scholar kyauta ne, yana kwasar komai har da kundin digiri da rubutun da ba a tantance ba, don haka lambarsa ce mafi girma. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate zaɓaɓɓun mujallu kawai suke ƙirgawa. Wanda ya kawo maka adadi, fara tambayarsa daga ina ya ɗauko.

Ma'aunin h kuwa Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005, masanin fiziks ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, ka ba su lamba. Ka yi ta sauka har inda lambar layi za ta fi yawan ambaton. Layin da ke sama da nan shi ne h. Misali mai maƙalu 7 da aka ambata sau 120, 45, 30, 9, 5, 3 da 1. Ta biyar tana da 5, ta tsaya. Ta shida tana da 3, ba ta kai 6 ba. To h ɗinsa 5 ne, kuma ko ta farkon ta haura 5,000 yana nan a 5. Hirsch da kansa ya ce a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi yana wallafawa: h na 20 bayan shekara 20 alamar masani ne mai nasara, 40 kuma fitacce. Da masana fiziks ya yi wannan awo, kuma ya faɗa cewa a fannonin halittu da lafiya lambobin sun fi haka girma. Saboda haka ba a gwada masanin garkuwar jiki da masanin lissafi, ba a kuma gwada ɗan shekara 35 da ɗan 70, domin h ba ya raguwa ko mutum ya yi ritaya.

Inda lambar ke kumbura babu aiki a bayanta, na farko haɗuwar suna. A nan Arewa wannan babbar matsala ce: Abubakar I. ko Muhammad A. na iya zama mutum goma, Google Scholar kuma yana zuba maƙalun wani a shafin wani in mai shafin bai tace ba. Na biyu maƙalun taron dangi masu marubuta ɗari biyar ko dubu, inda kowane suna ke samun cikakken ambaton. Na uku maƙalun bita, waɗanda ke tattara aikin wasu. Suna jan ambato fiye da gwaji na asali. Sai ambaton kai, da ƙulla yarjejeniyar ka ambace ni in ambace ka. A wannan fanni akwai ƙari: maƙalun korona na 2020 da 2021 sun samu ambaton da ba a saba gani ba, sun ɗaga mutane da yawa a dare ɗaya.

Jerin kashi 2 cikin 100 ba kyauta ba ce da Stanford ke bayarwa. Wani farfesa a can, John Ioannidis, shi da abokan aikinsa ne ke lissafa shi daga bayanan Scopus, Elsevier ke sakinsa. Iri biyu ne, na tsawon rayuwar aiki da na shekara guda, kuma yana nuna kason ambaton kai na kowa. Shiga cikinsa abin a taya murna ne, amma lissafi ne na na'ura, babu kwamitin da ya zauna ya karanta aikin.

A waya, buɗe shafin mutumin a Google Scholar, ka dubi maƙalu goma na sama. A nawa ne sunansa ya zo na farko ko na ƙarshe? A fannin lafiya na farko shi ne yawanci ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe kuma shugaban binciken. Nawa ne bita, nawa ne gwaji? Kan maudu'i ɗaya suke, ko yau ciwon daji gobe kiwon kifi? Minti goma sun isa ka gane.

Dakta na Dutse:

Malam Mai Laburare ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne a harkar rigakafi wannan ma'auni ya sha yin kuskure ta fuska biyu.

A 1998 mujallar Lancet ta wallafa maƙalar Andrew Wakefield a Ingila, kan yara 12 kacal, wadda ta jefa zargin cewa allurar ƙyanda da hangum da rubela na da alaƙa da lalurar otizim. An ambace ta ba adadi, kuma kaso mai yawa na masu ambaton suna rushe ta ne. A 2010 mujallar ta janye maƙalar, hukumar likitocin Birtaniya ta soke lasisinsa. Wani bincike a Denmak da aka wallafa a 2019 ya bi yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Duk da haka lambar ambaton tana nan tana ƙaruwa. Ambato kamar sawun ƙafa ne a bakin rijiya, yana nuna an zo wurin, amma ba zai gaya maka ko ruwan na sha ne ba.

Ɗaya fuskar kuma Katalin Karikó ce, 'yar ƙasar Hangari da ke aiki a Jami'ar Pennsylvania a Amurka. A 1995 aka rage mata matsayi saboda ta kasa samun tallafin bincike. Matsalar da take fama da ita: mRNA saƙo ne da ke umartar ƙwayoyin jiki su ƙera furotin, amma in aka sa wanda aka haɗa a ɗakin gwaji cikin jiki, garkuwa na ɗaukarsa baƙo ta tayar da kumburi. A 2005 ita da Drew Weissman suka nuna cewa in aka sauya ɗaya daga cikin tubalansa, yuridin, da wani ɗan'uwansa, wannan tashin hankali na lafawa. Manyan mujallu sun ƙi maƙalar, ta fito a Immunity, kuma shekaru suka shuɗe ba a kula ta sosai ba. A kanta aka gina alluran korona na Pfizer-BioNTech da Moderna, ita da Weissman kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2023. Wanda ya auna ta da lamba a 2008 zai ce ba ta yi komai ba.

Amma misalin da ya fi kusa da mu sanƙarau ne. A 1996 annobar ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa ne suka rubuta rahotonta. Tsohuwar allurar, wadda aka yi da sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar zalla, ba ta aiki sosai a yara 'yan ƙasa da shekara 2, kariyarta ba ta daɗewa, kuma ba ta hana ƙwayar zama a maƙogwaron masu lafiya su yi ta yaɗa ta. Maganin shi ne a ɗaura wannan sukari a jikin furotin, a nan aka yi amfani da na rigakafin tetanus, don garkuwar jiki ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Wannan ilimi sananne ne tun kafin 2001, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin allurar sanƙarau ƙarƙashin Marc LaForce. Abin da ba a da shi shi ne allurar da ƙasashenmu za su iya saya. Sai da aka samo fasahar haɗawar daga ɗakin gwajin hukumar magunguna ta Amurka, aka kai ta kamfanin Serum Institute a Indiya, aka tsaya kan cewa kowace allura ba za ta kai rabin dala ba. Allurar da aka samar, MenAfriVac, mai kare nau'in A na ƙwayar cutar, ta fara a Burkina Faso a Disambar 2010, ta iso Najeriya a ƙarshen 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A Chadi an auna, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi ta. Daga baya aka tabbatar tana jure zafi har digiri 40 na kwana 4 ba firij, abin da duk mai ɗaukar akwatin sanyi a kan babur ya san darajarsa. Yawancin wannan aiki, na haɗa magani da gwajin juriyar zafi da cinikin farashi, ba ya haifar da maƙalu masu dubban ambato. Da nau'in A ya kau, C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X, lokacin da cutar ke addabar Jigawa da Yobe da Bauchi.

Don haka in ana maganar wata allura, ga tambayoyin da ake yi, ko wane ne ya yi ta. A wane mataki gwajin yake? Na farko mutum gomomi ne, lafiyar allurar ake dubawa. Na biyu ɗaruruwa, ana neman adadin da ya dace da martanin garkuwa. Na uku dubbai, a nan ake ganin ko tana hana cutar. An yi rajistar gwajin kafin a fara, a ClinicalTrials.gov ko rajistar Afirka ta PACTR? Akwai rukunin kwatance da ba a ba su ita ba? Lissafin ƙarfin allura ba shi da wuya: a gwajin Pfizer na 2020, cikin mutum sama da 40,000 da aka raba kusan daidai, 170 suka kamu, 162 a rukunin kwatance, 8 a waɗanda aka yi wa. Raba 8 da 162, ka cire daga ɗaya, ka samu kashi 95. Sai na ƙarshe: NAFDAC ta yi mata rajista, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ta? Farfesa mai h na 100 da ya yi magana kan allurar da bai taɓa bincika ba, ra'ayi ya faɗa, sai ya kawo waɗannan hujjoji kamar kowa.

Ɗan Babura:

Allah ya saka da alheri, ranku ya daɗe. Wannan ya ishe ni amsa a majalisa. Saura maganar yaran namu. Ba tare da manyan injina ba, akwai abin da za a iya yi daga ƙauye da duniya za ta karanta?

Anti Mai Lab:

Akwai, ƙanena, kuma a ƙofar gidanku aka taɓa yin sa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano. An fesa maganin sauro a ɗakuna, an raba magani ga jama'a, ana ɗibar jini ana dubawa duk mako goma, har da auna garkuwar mutane. Cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, wani ɓangare saboda sauron da ke hutawa a waje feshi ba ya samunsa. Rahoton ya fito a 1980, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya na komawa ga waɗannan bayanai. Tsabtar rikodi ce ta ba shi tsawon rai. Haka Nanoro, wani gari a karkarar Burkina Faso, inda Halidou Tinto ya jagoranci gwajin allurar maleriya ta R21 ta Jami'ar Oxford kan yara 450, aka samu kariya ta kashi 77. Ita ce Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Aikin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne auna garkuwar yara a jini, misali ta ƙyanda bayan allurar wata 9 da ta wata 15. Kafin a taɓa yaro ko ɗaya sai an samu takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa. Mujallar kirki ba ta karɓar aiki ba lambar wannan takarda, kuma ba a samunta bayan an gama. Sai hakimi da dagaci da limami su san da zancen, sannan izinin iyaye a rubuce da Hausa.

Yawan yara: in ba a san kason masu garkuwa ba a ɗauka rabi ne, da kuskuren kashi 5, lissafi zai ba da 384. In unguwa-unguwa za a ɗiba maimakon ɗaiɗaiku, a ninka biyu, 768. Kada a tsaya kan yaran da aka kawo asibiti, domin su ne 'ya'yan masu zuwa rigakafi, sakamakon zai fi gaskiya kyau. A rubuta daban wanda aka ga katinsa da wanda uwa ce ta faɗa da baki.

Jinin kansa: mililita 3 zuwa 5 a kwalbar da ba ta da maganin hana daskarewa, a bar shi ya daskare minti 30 zuwa awa ɗaya, a sa a injin juya jini minti 10, a kwashe ruwan saman a raba shi ƙananan kwalabe biyu ko uku. A firij, digiri 2 zuwa 8, kwanaki kaɗan ne. In zai daɗe sai firiza mai 20 ƙasa da sifili. Kada a taɓa daskarar da jini sukutum, jajayen ƙwayoyin za su fashe ruwan ya yi ja, gwajin ya lalace. Babban mai kashe aiki a wurinmu shi ne wuta: firiza ta narke da rana ta sake kamawa da dare, sau biyar sau shida, sinadaran garkuwar su raunana, ka zo ka rubuta cewa yaran gari ba su da kariya alhali samfurinka ne ya mutu. A sa ma'aunin zafi a ciki, a rubuta safe da yamma. Inda babu tabbacin sola, a koma ɗigon jini a kan katin Whatman 903: a cika da'irorin daga yatsa, a shanya a inuwa aƙalla awa 3 zuwa 4, a sa a leda mai zif da ƙullin sinadarin tsotse laima.

A wajen gwajin ELISA, wanda da shi ake gano sinadaran garkuwa a ruwan jini, faranti na da rami 96, amma ba duka na samfuri ba ne, dole a bar wa na kwatance masu tabbacin eh da a'a gurbinsu a kowane faranti. Yawancin kayan gwajin an tsara su ne kan zafin ɗaki na digiri 18 zuwa 25. Ɗakin gwaji a Haɗeja a watan Afrilu ya wuce nan nesa, launi zai tashi da sauri ya ba da sakamakon ƙarya. A yi da asuba ko a ɗaki mai sanyi. Kuma a san abin da ake nema: cikin sinadaran garkuwa, IgG ne ke nuna garkuwa, IgM sabon kamu yake nunawa. Jarirai 'yan ƙasa da wata 9 na iya ɗauke da na uwa, kada a lissafa shi a matsayin aikin allura.

Mai Laburare:

Dakta, ina tare da kai, sai dai kada yaran su fahimci cewa lambar ba ta da amfani. Kwamitin ƙarin girma a jami'a da masu ba da tallafi irin su TETFund suna duba inda aka wallafa aiki. Akwai sanarwar San Faransisko ta 2012 da ta nemi a daina auna mutum da ma'aunin tasirin mujalla, amma ba ko'ina aka bi ba. Shi wannan ma'auni na mujalla ne: ambaton da maƙalunta na shekaru biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. 'Yan kaɗan ne ke jan sauran.

Ga mai bin shawarar Hajiya Mai Lab: ya buɗe ORCID tun yau, kyauta ne, lamba 16 ce da ke raba shi da masu irin sunansa, kuma ya tsaya kan rubuta sunansa iri ɗaya har abada. Ya guji mujallun da ke turo imel suna alkawarin wallafawa cikin kwana uku in an biya. Tantancewar gaske makonni take ɗauka ko watanni, kuma masu tantancewa sai sun dawo da gyara. Kafin ya tura, ya nemi sunan mujallar a rumbunan mujallu na intanet irin su DOAJ ko PubMed ko jerin Scopus da kansa, kada ya yarda da tambarin da suka manna a shafinsu. Aiki mai kyau da ya faɗa mujallar bogi ya tafi ke nan, ba a sake wallafa shi a wani wuri.

Dakta na Dutse:

Haka ne, Malam. Abu biyu da ke cin yaranmu in sun shiga aikin haɗin gwiwa da manyan cibiyoyi. Wanda ya sha rana ya tara samfuri 700 sai ya ga sunansa a sashen godiya, wanda ba a ƙirga shi a ko'ina. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudunmawa a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da na ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakinsa. To ya nemi a ba shi daftarin ya karanta ya yi gyara, kuma a rubuta jerin sunaye a takarda tun kafin a ɗebi jinin farko.

Na biyu takardar izinin iyaye. A sa layi daban da ke tambaya ko sun yarda a adana ragowar ruwan jinin don wani bincike nan gaba, da ko sun yarda a fitar da shi waje. In babu wannan layi, kwalabe biyun da Hajiya ta ce a ajiye ba su da amfani bayan gwajin farko, ko da an samu kuɗin auna tetanus ko ciwon hanta a kansu. In kuma za a tura su wata cibiya, sai da yarjejeniyar miƙa samfuri a rubuce wadda kwamitin ɗa'a ya gani, mai faɗin abin da za a auna, wa ke da bayanan, da ranar da za a kawo wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma sakamakon unguwanninsa.